Shekarar da Na Tuge Iccen Hassi

Na san abin da ake gaya muku a Bonkuku. An ce na shiga gidan ƙanwata da rana tsaka, na tuge iccen da ta dasa bisa cibiyar ɗanta, tana tsaye tana kallo. Gaskiya ne, na yi. Abin da ba a gaya muku shi ne abin da ya kai ni, don waɗanda sunka san shi duk sun riga ni. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko, ban san baƙi ba. Jikata Zalika ce ke rubutawa, kuma na gaya mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta shafa mata mai.

Ni da Hassi ciki ɗaya munka fito. Uwarmu ba ta daɗe ba bayan ta yaye ta, don haka a bayana ta girma. Ni na koya mata daka, ni na huda mata kunne da ƙaya. Halinmu bai zo ɗaya ba. Ita in ta shiga gida sai an ji dariya har waje, ni kuwa tun ina yarinya ake cewa idona ya yi yawa, bakina ya yi kaɗan. Shekarar da anka sauke tutar Nasara a Filinge anka ɗaga tamu, ita ce shekarar da anka kawo ni garin kakanku, arewa da Filinge kaɗan, bakin kwari. A lokacin gonar gidan nan gawo ne ko'ina, in kin tsaya a ƙofar gida ba ki hangen ƙarshen gona don itatuwa. Hassi kuma daga baya anka kai ta Bonkuku, gidan wani mai garka da ake kira Alzuma. Kasuwa ba ta ci biyu ba mu ga juna ba, ko ita ta zo, ko ni in je.

Sai fari ya zo. Ba zan tsaya ina ba ku labarinsa ba, kun ji shi a bakin kowa. Abin da ya shafi maganata shi ne icce. Da ciyawa ta ƙare, mu da Fulanin da ke zaune gefenmu munka hau gawo da gatari muna sassabe wa bisashe reshe. Bisashen sunka ci sunka mutu, gawon ma ya bi su. Maza sunka watse, kakanku ya yi Kurmi neman abin da zai aiko, munka daɗe ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ya bar ni da yara da tsohuwarsa, Inna Gambi, macce mai baki kamar aska. Mun ci anza, 'ya'yan iccen daji, har harshenmu ya daina jin ɗacinta. Mun fasa gidan tururuwa mun kwashe abin da ta tara. Da itatuwa sunka tafi, rairayi ya taso daga arewa ya soma shiga gona, har ya kai bakin rijiyar gari, kullum da safe sai an kwashe shi kafin a ja ruwa.

Ana cikin haka gwamnati ta turo wani ma'aikacin gandun daji, Bazabarme daga bakin kogi, muna ce masa Mushe Saini, don Mushe ake ce wa ma'aikaci da bakin Nasara. Siriri ne, Hausarsa a karye, kowace macce "shi" yake ce mata. Ya zo da kamyo, babbar motar kaya, cike da 'yan itatuwa a cikin baƙar leda, kowane da ƙasarsa, baƙar ƙasa ta bakin kogi wadda ba mu da irinta. Iccen ba mu taɓa ganinsa ba, ba shi da ganye sai wasu siraran zare kore kamar wutsiyar doki. Ya ce sunansa filawo, yana tare rairayi. Anka kewaye wuri kusa da rijiya da ƙaya, nan ake renon ƙanana, anka kuma yanki babban fili arewa da gari inda za a dasa su layi-layi. Aikin cika leda da ban ruwa mata anka ba, don mazan ba su nan. Ladan kuwa jar dawa ce da ɗan mai a gwangwani. Wannan jar dawar ita ta tsayar da mutuwa a garinmu. Ku riƙe wannan kafin ku yanke mini hukunci.

Bai daɗe ba ya sa ni bisa matan. Ya ce:

"Dije, kai shina gani komi. Kai riƙe ƙofa. Icce ba shi hita sai na ce."

Matan sunka yi ta dariyar Hausarsa, ni ban yi ba. Na riƙe ƙofa.

To amma akwai abin da Mushe Saini bai lissafa da shi ba, mu ma ba mu ɗauke shi komai ba, shi ne biki. Ku 'yan yanzu kuɗi kuke turawa a waya. Mu a lokacinmu macce ba ta zuwa suna ko aure hannu sake. Abin da kika kai wa 'yar'uwa ko ƙawa, ranar naki sai ta ninka ta kawo miki, ke ma ki ninka, haka zumunci ke tafiya har mutuwa. Fari bai hana haihuwa ba, bai hana aure ba. Amma ba hatsi, ba zane, ba ko kaza. Mata sunka soma ƙin zuwa sunan 'yan'uwansu don kunya, a ce ciwon kai, a ce ƙafa. Wata rana wata maƙwabciyata Tani ta je ta durƙusa gaban Mushe ta roƙe shi icce ɗaya ta kai sunan ɗiyar yayarta a Tabla. Ya dubi ƙafafunta da sunka tsage, ya ce ta ɗauka. Ya ce ai dama icce don mutane anka kawo shi.

Tani ta dawo tana ba da labari kamar ta kai saniya. An ajiye ledar tsakiyar tabarma, kore shar a cikin garin da ba a ga kore ba tun bara waccan, tsofaffi suna taɓa zaren suna salati. Daga nan ƙofa ta buɗe. Da Hassi ta haifi namiji, bayan biyun da fari ya ɗauke mata, ni ma na je na roƙa, Mushe da hannunsa ya zaɓo mini mai ƙarfi. Na ɗora shi a ka cikin ƙwarya har Bonkuku. Hassi ta karɓa tana dariya, ta ce:

"Yaya, wanga gashin wa kinka aske kinka dasa?"

Ta dasa shi bayan ɗakinta, daidai inda anka binne cibiyar yaron. Ta ce su girma tare, in ya yi ƙiriniya da reshensa za ta zane shi.

Wadda anka kai wa ɗaya, biyu ke kanta. Matan Tabla da na Bonkuku da na ƙauyukan da ke tsakani sunka soma zuwa wurin 'yan'uwansu da ke aiki da mu, a ba su biyu, a ba su huɗu. Wani iccen sai ya shiga gida uku kafin a dasa shi, wadda anka ba ta ajiye shi gindin randa tana jiran wani sunan ta kai. Kuma baƙar ƙasar nan ta shiga ran mata. Kowa cewa take albarka ce, sai ta ɗan tsakura ta zuba gindin zogalenta ko ɗan lemun mijinta kafin ta miƙa ledar gaba. Ina tsaye bakin ƙofa ina ganin kowace leda da ta fita, da wadda ta ɗauka, da gidan da za ta. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Har limamin gari sai da matarsa ta kai masa biyu ƙofar masallaci.

Bayan damina ta wuce, wadda ba ta cika sunanta damina ba, na lura da kusurwar babban filin, can inda munka dasa na farkon da kamyo ya kawo. Zarensu ya soma ja daga ƙasa. Mun ce ƙishirwa ce, munka ƙara ruwa, muna ɗauko shi a ka daga rijiya muna hawa tudu. Ja ya ƙaru. Sai na kusa da su sunka kama, sai layin da ke biye. Ba ya tsallake, ba ya gaggawa. In kin tsaya bisa tudu za ki gan shi kamar mai ya zuba a zane, yana faɗi ta kowane gefe, tsakiya ta bushe ƙurmus, baki-baki ja, can gaba kore kamar ba abin da ke zuwa. Wata safiya na kama wani da ya mutu don in gyara ramin, sai ya biyo hannuna ba gardama, kamar an soka tsinke a tuwo. Ba saiwa. 'Yan ƙananan duk an cinye, babbar kuma an feƙe mata ɓawo tas. Na tona da yatsa, sai ga tsutsotsi farare, gajeru, a lanƙwashe, kansu ja. Ƙarƙashin ɓawon ƙasa kuma wasu ƙwari masu tsinin baki, irin na cikin wake amma sun fi su girma, sun lafe kamar matattu.

Na zuba su a ɓallen ƙwarya na kai wa Mushe Saini. Ya duba, ya je wurin renon ya farke leda ɗaya, ya farke ta biyu, ya farke ta uku. Sai ya zauna a ƙasa, wandonsa na aiki da komai. Ban taɓa ganin ma'aikaci ya zauna a ƙasa gaban mata ba. Ya ce ya san abin, ya gan shi wani wuri can kudu. Uwar tana yin ƙwai cikin ƙasa gindin icce, ƙwan kuwa ido ba ya ganinsa, tsutsar ta cinye saiwa, ta zama ƙwaro, ta taka zuwa icce na gaba. Kafin sama ta nuna, ƙasa ta gama. Ya ce:

"Wanga abu ba shi tashi sama. Ƙafa shike tahiya. Shekara guda ba shi wuce gona guda."

Na ce, "To, da sauƙi ke nan."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Sai in mutum ya ɗauke shi."

Kowace a cikinmu tana tuna kanta da ƙwarya a ka.

Ya aika Yamai a kawo magani, anka ce ana zuwa. Kafin nan ya sa munka tuge duk layukan da sunka kama da na kusa da su, munka tara munka ƙone, munka haƙa rami mai zurfi ya kewaye wurin. Na wurin reno kaf munka juye su cikin wuta, aikin hannunmu na wata da watanni. Sannan ya tara mu gaban maigari ya ce saura na waje. Duk iccen da ya fita daga ƙofar nan sai an tuge shi an ƙone, da shi da ƙasar gindinsa, ko ya nuna ciwo ko bai nuna ba. In ba haka ba abin zai shiga garake ya ci mangwaro da lemu da goba, kuma in manya sunka zo sunka tarar ciwo ya bazu ƙasarmu ta Kurfai daga hannunsa, za su rufe aikin. In an rufe aiki, ba dawa.

Maigari ya shafa gemu ya ce wannan sha'anin mata ne, shi bai san wa ta ba wa ba. Mushe baƙo ne, namiji, ba ya shiga bayan ɗakin matar mutum. Duk ido ya juyo kaina, don an san ni kaɗai na riƙe inda kowace leda ta tafi.

Da na koma gida Inna Gambi tana zaune tana tsince dawa, ta riga ta ji. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Ke ɗiyar nan, tun da uwata ta haife ni ban ga an bi kyauta an amso ba. Ko ɓarawo ba shi yin haka."

Na ce, "Inna, dawar da ke hannunki fa?"

Ta ce, "Na gan ta. Ina ci, kuma gobe ma ina so in ci. Ni dai na gaya miki abin da za a kira ki."

Ta ci gaba da tsincewa. Can ta ƙara da cewa, "In za ki, ki ɗauki jakin. Ƙafarki ba ta kai Tabla."

Da garinmu na fara. Nan da sauƙi, don kowa na cin dawar. Liman da kansa ya riƙe mini galma. Tabla ce ta soma nuna mini abin da na ɗauko. In na yi sallama sai a yi shiru a ciki, a bar ni tsaye a rana. Wata ta ce akuya ta cinye nata tuni, alhali ina hangen zarensa bayan rumbu. Wata ta ba ni ruwa, ta bari na tuge, sannan ta ce a gaban maƙwabta:

"Dije, in kin gama da icce ki dawo ki amshi zanen da kinka ba ni auren ɗiyata. Shi ma ƙwarƙwata gare shi."

Anka yi dariya, ni ma da wata rana ce da na murmusa. A gidaje da yawa in na tuge sai ga tsutsar, in nuna musu a tafin hannuna. A wani gidan ta riga ta shiga zogale. Wannan ya ƙarfafa mini zuciya, na ce ba banza nake zubar da mutuncina ba. Amma gidan yayar Tani, inda icce na farko ya sauka, tsohuwar gidan ta tare ƙofar bayan ɗakinta da jikinta. Ta ce:

"Naki na Bonkuku kin tuge?"

Na ce ban kai can ba tukuna.

Ta ce, "To ki kai. Ran da anka ce mini kin tuge na Hassi, ki zo, ni da hannuna zan ba ki wanga. Kahin nan ba ki taɓa shi."

Maganar ta riga ni zagaya gari. Duk ƙofar da na je bayan nan amsa ɗaya ce.

Abin da ya sa na yi ta kewaye Bonkuku, yaron Hassi ya rasu. Ƙyanda ta ɗauke shi da sanyin shekarar, bai kai ga yaye ba. Na je gaisuwa na kwana biyu wurinta, na ga yadda take. Ba ta kuka. Da safe in an ba ta ruwan wanke ido, rabi take amfani da shi, rabi ta zagaya bayan ɗaki. Ta kewaye iccen da kara don kaji. Dariyar nan tata ta tafi, amma in tana bayan ɗaki nakan ji tana 'yar magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa yaro in ana masa wanka.

Na tafi ran kasuwarsu. Na ɗaure jaki a waje na yi sallama. Ta fito ta karɓi mayafina, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini ɗan abin da ke gidan, ruwa-ruwa, ta tsaya sai da na sha. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi ƙafar Inna Gambi. Mijinta Alzuma ya leƙo ya gaishe ni, ya ce zai duba garka, ya fita da sauri. Garkar tasa tana bayan dangarsu, taku kaɗan daga iccen, cike da 'yan mangwaro da ya yi shekaru yana reno, su ne duk abin da fari ya bar musu. Na gane yana so a tuge, kuma ba zai taɓa faɗa ba. Ya bar mini.

Da na ajiye ƙwaryar, sai Hassi ta ce:

"Yaya, na ji kina yawo."

Na ce, "Ina yi."

"Nawa lahiya tai lau. Zo ki gani."

Munka zagaya. Ya kai mini ƙugu, kore shar, ba ja ko ɗaya. Na duba gindin, na ɗaga ɓawon ƙasa, ban ga ƙwaro ba. Na gaya mata abin da Mushe ya ce, cewa sama ba ta nunawa sai ƙasa ta gama, cewa ƙwan ba a ganinsa. Na gaya mata maganar garkar mijinta, da matan Tabla da sunka hana ni nasu, da dawar da yarana ke ci. Tana saurare tana gyara karan da ya karkace.

Ta ce, "Ki ce musu kin tuge. Wa zai zo bayan ɗakina shi duba?"

Na ce, "Ran kasuwa ta gaba duk Tabla ta sani."

"To ki bar shi wata guda. In ya yi ja ni da kaina in kawo miki shi."

"In ya yi ja ya riga ya shiga garka."

Sannan ta ce, a hankali, ba faɗa:

"Ke kinka ba ni shi, Yaya. A kanki kinka ɗauko shi."

Na ce, "Na sani."

"Ban da wani abu nashi. Rigar ma da ita anka rufe shi."

Na cire karan na jingine su gefe. Na sa hannu biyu na kama gindin. Waɗanda na saba tugewa biyo hannu suke, wannan ya ƙi. Sai da na sa galma na sassauta ƙasar, na durƙusa na ja da ƙarfina duka, sannan ya fito da ƙara. Saiwarsa fara tas, cike da gashi, ta riƙe ƙasa dam. Na farfasa ƙasar da yatsu, na bi ta ɗaya bayan ɗaya. Na tona ramin har gwiwar hannu, a hankali, don na san abin da ke binne a wurin. Ba tsutsa. Ko ɗaya.

Hassi tana tsaye bisa kaina tana gani. Ta ce:

"To mayar."

Na so in mayar. Allah ya sani hannuna har ya nufi ramin. Amma na riga na tuge na mutane masu kore kamar wannan, na ƙone a gabansu, na ce musu ƙwai ba a ganinsa. Na ce mata sai an ƙone.

Ta shiga madafa ta ɗebo garwashi a kasko ta ajiye gabana, ta kawo kara. Ta tsaya har ya cinye. Ɗanyen icce ne, ya daɗe yana hayaƙi. Da na gama ta miƙo mini mayafina. Kullum in zan tafi sai ta raka ni har bayan gari, muna tsaye muna sallama ba ta ƙarewa. Ran nan daga bakin ɗaki ta ce in gaida gida.

Na koma Tabla, tsohuwar ta cika alkawari, sauran ma sunka buɗe ƙofa. Na bi ƙauyukan duka, na tuge duk wanda na sani. Ga abin da ya biyo baya, ku ji shi yadda yake. Maganin Yamai bai zo ba. Ramin da munka haƙa rairayi ya cike shi cikin 'yan kwanaki, ƙwaron ya taka bisa ya wuce. Kafin wata damina babban filin ya zama tsinke tsaye, layi-layi, mata suna zuwa suna karya na wuta. Garkar Alzuma ma ta tafi. Ba daga gidansa abin ya shiga ba, wata maƙwabciyarsu ce ta ɓoye leda biyu cikin rumbu da ta ji ina zuwa, bayan na tafi ta dasa su jikin dangarsa. Manya sunka zo da mota sunka zagaya, ba su ko zauna ba. Anka rufe aikin, anka mayar da Mushe Saini wani wuri. Ran da zai tafi ya zo ƙofar gidanmu ya tsaya, ya rasa Hausar da zai yi, ya ce, "Dije, kai yi haƙuri," ya hau kamyo. Dawa ta tsaya. Mun koma anza.

Na yi ta aika wa Hassi gaisuwa ran kasuwa, ana dawo mini da cewa tana amsawa. Na je sau biyu, ta karɓe ni, ta ba ni ruwa, ta kira ni Yaya, ta zauna nesa kamar surukuwa. Na ce lokaci zai gyara. Kakanku ya dawo daga Kurmi da tari da ɗan abin da ya samu, anka yi damina mai ɗan dama, anka sa auren ɗiyata ta fari, uwarki ke Zalika. Hassi ce ta yi mata wanka tana jaririya, ita ya kamata ta zauna kusa da ni ta karɓi kayan biki. Na aika mata tun da wuri. Na share mata ɗaki.

Ran taron gida ya cika, mata suna ajiye abin da sunka kawo, ana faɗa da ƙarfi kowa na ji. Ina ta duban ƙofa. Sai ga wata maƙwabciyar Hassi ta shigo ita kaɗai, da ɗan ƙunshi a tsumma mai laima. Ta durƙusa ta ce Hassi na gaishe ni, ba ta samu zuwa ba, ga nata. Na kwance. Filawo ne, ɗan ƙarami. A lokacin ba sauran irinsa a ƙasarmu ko ɗaya. Daga baya na ji akuyarta ta sayar, ta yi ta zuwa Baleyara tana roƙon direbobin Yamai har wani ya samo mata. An wanke saiwar tas, ba ƙwayar ƙasa a jikinta.

Ni kuwa don wauta zuciyata ta yi sanyi, na ɗauka sulhu ne. Na juya wurin Inna Gambi, wadda a lokacin idonta ya kusa tafiya, na sa mata shi a hannu na ce Hassi ta aiko. Ta shafa shi daga sama har ƙasa. Ta laluba tsumman, ta sake lalubawa.

Ta ce, "Guda na?"

Na ce guda ne.

"Ke guda kinka kai mata?"

Na ce guda.

Ta mayar mini da shi a hannu, ta rufe yatsuna a kai. Ta ce:

"Ba ta ninka ba, ɗiyar nan. Ta biya ki. Ba ki bin ta, ba ta bin ki."

Haka ake yanke biki a wurinmu, a mayar miki daidai abin da kika kai. Na ga an yi wa ƙawaye, ban taɓa jin an yi tsakanin ciki ɗaya ba. Na tashi na ci gaba da sallamar baƙi, don tuwo na kan wuta kuma amarya ba ta yi laifin komai ba.

Hassi ta yi shekaru da yawa bayan nan. Ta sake haihuwa, ta aurar, ta yi jikoki, ban ji ko ɗaya a bakinta ba, a kasuwa nake ji. Har yau ban ce na yi kuskure ba, ƙwan nan ba a ganinsa, kuma ba wanda zai iya gaya mini babu shi a ramin. Ba wanda zai iya gaya mini akwai shi kuma. Da ta rasu, wankanta nawa ne, ni ce babba, ni na san jikinta tun tana tsumma. Ɗan aikensu ya iso garinmu bayan la'asar. Na tashi ina neman mayafi, sai ya ce in zauna in huta, tun da hantsi anka kai ta.